Tankar da Aka Shafa wa Farar Ƙasa: Tarihin Fentin Hunturu da 'Yar Tankar Kan Teburina

Kamar kullum, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da waɗanda suka fi son karatu.

Yau daga kan teburina za mu fara. Wasunku sun san ina da wata ɗabi'a da 'yan gidanmu ke kira wasan yara, wato haɗa ƙananan tankokin yaƙi na roba. A kwali suke zuwa gunduwa-gunduwa, kai za ka yanke, ka manna da gam, ka yi fenti. Ma'aunin da aka fi yayi shi ne 1/35, ma'ana an rage girman tankar gaske sau 35. Tanka mai tsawon mita 6 sai ta dawo kusan santimita 17, ka ɗora ta a tafin hannu.

Ta farko da na haɗa T-34 ce, ta Tarayyar Sobiyet. Na ga hotunanta fara a cikin dusar ƙanƙara, sai na zabga mata farin fenti har hawa uku. Ta fito fes kamar sabon firji. Don ta yi kama da wadda ta sha yaƙi, na ɗebo jar ƙasa a ƙofar gida, na kwaɓa, na shafa wa sarƙarta. Ina ta murna. Ranar da na ajiye ta kusa da hoton gaske na 1941, wallahi kunya ta kama ni. Ƙarya biyu na shirga a jikin abu ɗaya: farin bai yi kama da nasu ba, ƙasar ma ba tasu ba ce. Wannan kunyar ce ta tura ni karatu, abin da na karanto kuma shi ne shirinmu na yau.

Mu fara da tambaya: me ya sa ake mayar da tanka fara?

Tanka daga masana'anta da launin duhu take fitowa. Na Sobiyet koren da suke kira 4BO ne. Na Jamus a farkon Yaƙin Duniya na Biyu toka ne mai duhu sosai, sai a Fabrairun 1943 suka koma rawaya mai ƙasa-ƙasa. A daji da gona waɗannan launuka suna sajewa. Amma ranar da dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, tanka mai duhu kamar ƙuda take a cikin ƙwaryar nono. Mai bindigar harbo tanka zai hango ta tun daga nesa, jirgin sama ma haka. A cikinta kuwa mutum huɗu ne ko biyar.

Sobiyet sun sha wannan darasi da ɗaci a yaƙinsu da Finlan, wanda ya fara ranar 30 ga Nuwamba 1939 ya ƙare 13 ga Maris 1940. Sojojin Finlan cikin fararen kaya suke yawo, suna sulu a kan ƙanƙara, su bayyana su ɓace. Ayarin Sobiyet kuwa da motocinsu masu duhu sun maƙale a siraran hanyoyin daji. A hanyar Raate, cikin Janairun 1940, an datse ayarin runduna guda gida-gida aka tarwatsa shi. A ƙarshe Sobiyet sun tilasta wa Finlan sulhu, amma asarar da suka yi ta koya musu daraja farin launi.

Jamus kuwa girman kai ne ya ci su. Sun shiga Tarayyar Sobiyet ranar 22 ga Yuni 1941 da lissafin gamawa kafin sanyi, don haka ba su yi tanadin hunturu yadda ya kamata ba. A watan Oktoba ruwan sama ya mayar da hanyoyi caɓi, motoci suka nutse har gindi. A Nuwamba ƙasa ta daskare, dusar ƙanƙara ta sauko. A watan ne hedikwatar sojan ƙasa ta ba da umarnin shafa wa motoci farin fenti mai wankuwa. To umarni daban, kaya a hannu daban. Jiragen ƙasan da ke kai kaya bakin daga sun kasa wadatar da harsashi da mai da kayan sanyi, ina ga fenti? Sai sojoji suka kama abin da ya samu. Wasu farar ƙasa, wasu zanen gado. Akwai hotunan motocin da aka bi jikinsu da alli ana ta zane barkatai, kamar yaro ya samu allo.

Sun matso har kusan kilomita 30 daga tsakiyar Mosko, a sanyin da wasu ranaku ke wuce digiri 30 ƙasa da sifili. Ranar 5 ga Disamba 1941 Sobiyet suka juyo da farmaki, sojoji cikin fararen riguna, tankoki cikin farin shafe. T-34 tana da faffaɗar sarƙa, kusan rabin mita, ta fi ta tankokin Jamus na lokacin faɗi, shi ya sa ba ta nutsewa da wuri a taɓo da dusar ƙanƙara. Wanda ya jagoranci ƙera ta, Mikhail Koshkin, shi kansa sanyi ne ya yi ajalinsa. A Maris 1940 ya raka samfuri biyu na farko ta ƙasa daga Kharkov zuwa Mosko don a nuna wa Stalin, ya kamu da ciwon huhu, ya rasu a Satumban shekarar. Bai ga yaƙin da tankarsa ta yi suna a ciki ba.

Yanzu ga abin da ya kwance min kai. Wancan farin da muke gani a hotuna, yawancinsa ba fentin gwangwani mai kama jiki ba ne. Alli ne ko farar ƙasa a kwaɓa da ruwa, wani lokaci a sa gam ko gishiri don ya ɗan kama. Duk wanda ya taɓa shafa wa bangon zaure farar ƙasa gab da Sallah ya san halinta: ka jingina ta bi rigarka, damina ta zo ta yi zirara-zirara. Da gangan aka so hakan, domin idan ƙanƙara ta narke, farar tanka ita ce kuma ke tona asirin kanta, dole a wanke. Kuma ba a gareji ake shafawa ba. Ma'aikatan tankar ne da kansu, da bokiti da tsintsiya ko tsumma, hannu na karkarwa, ana sauri. Sukan kewaye lamba da tambari su bar su a fili don kada 'yan uwansu su buɗe musu wuta. Wasu ma sun yi dabara. A tankokin rundunar Mikhail Katukov a bakin Mosko an ga farin shafe da aka ratsa da layuka masu kama da raga, don daga nesa su yi kama da sawun mota a kan dusar ƙanƙara.

Labarin da ya fi taɓa ni daga Yammacin Turai ya fito. Ranar 16 ga Disamba 1944 Jamus ta kai farmakin ba-zata a dajin Ardennes, sojojin Amurka suka tsinci kansu cikin dusar ƙanƙara da kaya kore. A ƙauyen Hemroulle kusa da Bastogne a Beljiyam, wani hafsa mai suna John Hanlon ya roƙi mutanen gari aron zannuwan gado, ya yi alkawarin mayarwa. Aka kaɗa ƙararrawar coci, mutane suka fito da zannuwansu, sojoji suka lulluɓe jikinsu da makamansu. Yaƙi ya cinye zannuwan. Bayan ya koma gida, mutanen garinsu Winchester a jihar Massachusetts suka tara masa sababbi, a 1948 ya koma ƙauyen ya biya bashin. Kun ga ɓad-da-kamar hunturu har zanen gadon talaka ta ci.

To ta yaya wannan ya dawo sana'ar kan tebur? Kamfanin Tamiya na garin Shizuoka a Japan da harkar katako ya fara. A farkon shekarun 1960 ya fitar da 'yar tankar Panther ta roba mai tafiya da batir. Girman da zai ɗauki batir da injin shi aka bi, da aka auna sai ya faɗa 1/35, sauran kamfanoni suka bi sahu har yau. A shekarun 1970 da 1980, Sheperd Paine na Amurka da François Verlinden na Beljiyam suka yaɗa tunanin cewa samfuri ya kamata ya nuna ya sha wuya, da datti da inuwa da ƙujewa. Daga baya masu sana'ar a Sifaniya, irin su Mig Jiménez, suka zurfafa amfani da garin launi da fentin mai. Dabarar da ta fi dacewa da farin hunturu kuwa, wadda ake danganta yaɗuwarta ga Phil Stutcinskas, da abin feshin gashi na mata ake yin ta. E, ba ku ji ba daidai ba.

Ga yadda na yi ta biyu.

Na fara da koren asali a duk jiki, na bar shi ya bushe sosai, na rufe da banish don ya kare shi. Sai na fesa abin gashin nan sama-sama hawa biyu. Ƙanwata ta leƙo ta ce, "Yaya, wai gwangwanina ne a hannunka?" Na ce ta yi haƙuri, tarihi nake yi. Sai da na saya mata sabo.

Da ya bushe, na fesa farin fenti mai narkewa a ruwa, siriri ƙwarai, yadda koren ke ɗan leƙowa ta ƙasa. Na karya farin da ɗigon toka da ruwan ƙasa, saboda fari tas a ƙaramin abu kama da kayan wasa yake yi. Bayan 'yan mintuna na jiƙa buroshi da ruwa na fara gogawa a hankali. Ruwan yana ratsa farin ya narkar da abin gashin da ke ƙasa, sai farin ya riƙa ɓantarewa kamar na gaske. Don siraran ƙarce, tsinken sakace ya wadatar.

Nan ne ainihin aikin yake: ina za ka goge? Ba duk inda hannu ya kai ba. Dole ka tambayi kanka ina mutane ke takawa. Bakin ƙofar sama inda suke shiga da fita. Gefuna da kusurwoyi da ke gogar reshe. Bayan tanka, inda sojojin ƙasa na Sobiyet ke ɗarewa a kai su bakin daga, takalma da riguna suna share farin. Saman injin, inda zafi ke narkar da dusar ƙanƙara, ruwa ya gangaro ya ja layi. Wajen zuba mai, inda tabo ke zama. T-34 da dizal take aiki, tana da bututun hayaƙi biyu a baya, don haka can sai baƙi. Layukan gangarowa da ɗigon fentin mai nake yin su, in ja ƙasa da buroshi mai ɗan danshi.

Taɓo kuwa, na koyi darasi. Ƙasar yankunan nan duhu gare ta, a Yukren da kudancin Rasha ma baƙa ce wuluk. Jar ƙasarmu ba ta da gurbi a can. Na haɗa garin launi mai duhu da ɗan gam, na cusa a sarƙa da ƙafafu, na bar ƙasa-ƙasa da ɗan sheƙi kamar jiƙaƙƙe. Tsatsa kaɗan na sa, a bututun hayaƙi da sarƙar ajiya kawai. Tankar da ke bakin daga ba ta daɗewa har ta ruɓe kamar motar da aka yasar a bayan gareji. Dusar ƙanƙara wasu da bekin soda da farin gam suke yi, amma ana kukan tana komawa rawaya da daɗewa, don haka na sa 'yar kaɗan a lunguna. Shawara ɗaya ga wanda zai gwada a nan gida: kada ka yi fenti a fili da hunturu. Ƙurar iska za ta yi maka nata adon a kan ɗanyen fenti.

Wani abokina ya tambaye ni, duk wannan wahala a kan roba, don me? Na daɗe ina juya tambayar. Tarayyar Sobiyet ta rasa mutane kusan miliyan 27 a wannan yaƙi, fiye da rabinsu farar hula. Lamba irin wannan kai ba ya ɗauka. Amma lokacin da nake lissafin inda takalmin wani saurayi zai goge farar ƙasa yayin da yake hawa tanka da asuba cikin sanyi, sai na ga mutum ɗaya, wataƙila sa'an ƙanina. Tanka fara fes tana sa yaƙi ya yi kyau a ido, shi ya sa nake ganin ta farko da na yi ƙarya ce. Akwai kuma masu shiga wannan harka su zarce da sha'awar 'yan Nazi saboda kyan injinansu. A kula. Waɗannan injina a ƙasar mutane suka shiga, ƙauyuka aka ƙone a bayansu.

Ta farkon tana nan ban jefar ba. Na ajiye ta gefen ta biyu a kan kanta, firji da tanka, duk wanda ya shigo ɗakina sai ya tambayi bambancin, ni kuma in samu ƙofar ba shi labarin Disambar 1941.

Nan za mu dakata. Wanda ya taɓa haɗa irin wannan, ko yake son farawa bai san ta ina ba, ya yi magana, zan amsa gwargwadon sanina. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.