Tarihin Riƙon Mai Saye a Ƙasar Kazaure

Duk wanda ya yi nazarin sha'anin tijara a ƙasar Hausa, ya bi diddiginta tun daga zamanin ayari har zuwa yau, lalle zai tarar cewa dukiyar attajiri mafi daraja, wadda ba a ɗaure ta a mangala, ba a kuwa auna ta a mudu, ita ce sanin wanda yake bukatar hajarsa alhali bai riga ya saya ba. Mutumin da ya taya ya tafi, da wanda ya yi cigiyar irin shanu kaza, da wanda ya ce sai bayan kaka, su ne cinikin gobe, kuma kowane zamani yana da tasa dabarar ta riƙe su.

Masarautar Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya tabbatar da 'yancinta daga Kano a wajajen 1824, tana zaune ne a kan hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Daura da Damagaram, saboda haka kasuwanninta da na Roni da Gwiwa, har da na maƙwabciyarsu Babura, ba su rabu da baƙin fatake ba. A wancan zamani daftarin masu saye yana cikin ƙirjin mutum biyu, wato fatoma da dillali. Fatoma shi ke sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa in an ba shi bashi. Dillali kuwa shi ya san wane ne ke neman baƙin rini domin bikin 'yarsa, wane ne ya sayar da gero yana neman ɗan maraƙi, ya kuma san wanda tayinsa na gaskiya ne da wanda ya zo ɓata lokaci. La'adar da yake karɓa bayan an sallama ladan wannan ilmi ce. Illarsa guda ce, amma babba: ilmin da ba a rubuta ba yana bin mai shi kabari, sai fa abin da ɗansa ko baransa ya tsinta a bakin rumfa.

Ba wai rubutu ne babu ba, gama malamai sun daɗe suna rubuta wa attajirai wasiƙu da lissafi da Larabci ko da ajami, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Sai dai alƙalami a lokacin yana bin cinikin da ya riga ya ƙullu ne kurum. Wanda ya tambaya bai saya ba, ba shi da gurbi a takarda.

Al'amarin ya soma sākewa sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya bunƙasa daga 1912. Kamfanonin Turawa, da yake ba su san ƙauyuka ba, sai suka riƙa ba manyan attajirai irin su Alhassan Ɗantata jarin saye, su kuma su rarraba wa yaransu, waɗanda ke kutsawa karkara suna ƙulla alkawari da manoma tun amfanin gona bai zo gida ba. Da yake kuɗin wani ne ke yawo a hannun mutane da yawa, tilas aka bukaci akawu da babban littafi, inda za a sa sunan manomi da garinsu da buhunan da ake sa rai zai kawo. Nan ne aka riƙa rubuta cinikin da bai auku ba tukuna. Hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949 ta ƙara tsananta wannan tsari ta hanyar wakilai masu lasin, har zuwa lokacin da farin farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman, aka kuma rushe hukumomin ciniki a 1986.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Kazaure ta sami wani rabo da ba kowane gari ya samu ba, domin a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, tsakanin 1999 da 2007, aka kafa makarantar koyon ilmin kwamfuta a garin, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha mai sunan Sarki Hussaini Adamu. Wayar salula ta soma yaɗuwa a Nijeriya daga 2001, sai lambar waya ta zama adireshin mai saye, littafin mai kanti ya cika da lambobi, daga bisani kuma WhatsApp ya ɗauke rabin aikin ɗan aike.

Matakin da ake ciki yanzu shi ne wanda inji ke yin aikin akawu da kansa. Mai sayar da taki ko injin ban ruwa yana iya buɗe fom a intanet, mai bukata ya rubuta sunansa da lambarsa da garinsu da abin da yake so. Da zarar ya aika, wata manhaja mai haɗa manhajoji, irin su Zapier, sai ta kwashi bayanin ta zuba shi a jadawalin Google Sheets ko a rumbun bayanan abokan ciniki, ta aika wa mai tambaya saƙon cewa an ji, ta kuma tunatar da yaron kanti ya kira shi, duk ba tare da hannun mutum ya sake kwafe harafi ɗaya ba. Abin da dillali ke tsoron mantawa, da abin da akawu ke kuskurewa wajen kwafi, duka an yi maganinsu.

Amma wajibi ne mai hankali ya lura da abin da ya salwanta a hanya. Dillali yana tace masu tayi kafin ya kawo su, yana kuma lamunce wa wanda ya kawo da mutuncinsa, alhali fom yana karɓar mai gaskiya da mai wasa a sahu ɗaya, bai san asalin kowa ba. Haka nan sirrin mai saye, wanda dā kunya da tsoron zubewar girma ke tsarewa, yau sai da doka, shi ya sa aka kafa dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya a 2023, wadda ta wajabta bayyana wa mutum dalilin karɓar bayaninsa, ta kuma hana sarrafa shi ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka ɗan kasuwar Kazaure ko Babura da ya ɗauki wannan na'ura, ya sani ya sami akawu wanda ba ya barci, amma tantance mutane da riƙon amanarsu suna nan a wuyansa, kuma a kansu ne za a yi masa hisabi a kasuwa da kuma gaban alƙali.