Zare: Asalin inshorar mallakar gida a Amurka, da ko ya dace mai saye ya biya 🧵

1/ Jama'a, zaren yau na tarihi ne amma akwai maganar kuɗi a ciki. A Amurka, ranar da za ka sa hannu ka karɓi makullin gida, za a tambaye ka ko kana son inshorar mallaka taka ta kanka. Ba dole ba ce. To a saya ko a bari? Amsar na cikin tarihinta. Ku biyo ni.

2/ Da farko, wace iri ce? Inshorar mota ko ta gobara tana kare ka daga abin da zai faru gobe. Ita wannan tana kare ka daga abin da ya riga ya faru kafin ka sayi gidan: takardar jabu, magajin da ba a san da shi ba, bashin haraji, ko ɗan kwangilar da tsohon mai gida bai biya ba.

3/ Mu koma jihar Kentaki, farkon shekarun 1800. A lokacin, iyakar gona bishiya ce ko dutse ko rafi. Kowa ya auna nasa ya kai ofis a rubuta. Sai filaye suka riƙa hawa kan juna, gona ɗaya takardu biyu ko uku, kowa na rantsuwa tasa ce ta gaskiya.

4/ Cikin waɗanda abin ya ci har da Thomas Lincoln, mahaifin Abraham Lincoln. Gonaki 3 ya riƙe a Kentaki, dukkansu sai da rikicin takarda ya taso. A 1816 ya kwashi iyalinsa ya koma Indiyana, inda gwamnatin tarayya ce ta auna filayen. Abraham yana ɗan shekara 7 a lokacin.

5/ Shi kansa Abraham Lincoln ya bayyana daga baya cewa batun bauta na cikin dalilan ƙaurar, amma babban dalilin shi ne rikicin takardun fili. Wanda ya taɓa ganin an sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu a unguwarsu ya san irin wannan ciwon.

6/ Ga tushen matsalar, ku riƙe shi da kyau. Ofishin rajistar filaye na gunduma a yawancin Amurka ajiye takardu kawai yake yi. Ka kawo takardar ciniki, ya buga hatimi, ya adana. Ba ya cewa "wane ne mai gidan nan". Gano wannan aikin mai saye ne.

7/ Shi ya sa aka samu masu sana'ar binciken takardu. Su za su bi tarihin gida daga hannu zuwa hannu, shekaru da dama baya, su gaya maka ko akwai wata igiya a kansa. To idan mai binciken ya yi kuskure fa, wa zai ɗauki asara? Wata shari'a ce ta amsa wannan.

8/ Jihar Pensilvaniya, 1868, shari'ar Watson da Muirhead. Watson zai sayi wani wuri, ya ɗauki Muirhead ya bincika masa. Muirhead ya ci karo da wani hukuncin bashi a cikin takardu. Ya tambayi lauya, lauya ya ce wannan bai rataya a kan filin ba. Sai ya ce wa Watson ya saya.

9/ Watson ya biya. Ashe bashin na nan daram. Aka yi gwanjon wurin don a biya masu bin bashi. Ya kai Muirhead ƙara, Kotun Ƙolin jihar ta ce ba sakaci ya yi ba, tunda ya nemi shawarar lauya ya kuma yi aiki da ita tsakaninsa da Allah. Watson ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

10/ Ku lura da abin da hukuncin ke nufi: kowa zai iya yin aikinsa daidai gwargwado, amma mai saye ya rasa komai. Hankalin mutane ya tashi. A 1874 majalisar jihar ta yi dokar da ta ba da damar kafa kamfanonin inshorar mallaka. A 1876 aka kafa irinsa a birnin Filadelfiya.

11/ Wani abin kuma ya ƙara wa 'yan kasuwar ƙarfi. Gobarar Chikago ta Oktoban 1871 ta cinye takardun filaye na gwamnatin gundumar Cook. Waɗanda suka tsira su ne littattafan kamfanonin bincike masu zaman kansu. Dole aka yi doka kotu ta riƙa karɓar su a matsayin hujja.

12/ Akwai wata hanyar fa. A Kudancin Ostireliya, a 1858, Robert Torrens ya kawo tsarin da gwamnati ce ke tabbatar da mai fili. Sunan da ke cikin rajista shi ne mai shi, in kuma rajista ta yi kuskure, asusun gwamnati ya biya diyya. Ƙasashe da dama sun ɗauki wannan tsari.

13/ Wasu jihohin Amurka sun gwada shi. Gundumar Cook ta fara a ƙarshen shekarun 1890, ta soke shi a shekarun 1990. Shigar da fili cikin tsarin sai an bi ta kotu, ga tsada ga jinkiri, kuma kamfanonin da ke cin abinci da tsohon tsari ba su yi masa maraba ba.

14/ Abin da ya sa inshorar ta game ƙasa shi ne bankuna. Bayan kafa Fannie Mae a 1938, aka riƙa sayar da basukan gidaje daga hannu zuwa hannu. Wanda ya sayi bashin gidan da bai taɓa gani ba yana son tabbaci. Sai inshorar ta zama sharaɗin ba da rance.

15/ Nan ne mutane ke ruɗewa. Inshorar iri biyu ce. Akwai ta banki: dole ce in da rance za ka saya, yawanci kai za ka biya, amma bankin kaɗai take karewa, tana kuma raguwa yayin da kake biyan bashi. Akwai ta mai gida: ita ce ke kare kuɗinka, ita ce kuma aka bar maka zaɓi.

16/ Misali: gidan dala 300,000, ka zuba 60,000 daga aljihunka, banki ya ba da sauran. Bayan shekara 2 aka gano takardar da wani ya sayar da gidan a baya jabu ce. Inshorar banki za ta biya banki. Kai da 60,000 ɗinka da kuɗin lauya, kana matsayin Watson na 1868.

17/ Ta mai gida sau ɗaya ake biya, ranar kammala ciniki, tana kuma aiki muddin gidan na hannunka ko hannun magadanka. In wani ya taso da da'awa, kamfanin ne zai ɗauki lauya. Sau da yawa wannan ɗin ma ya fi diyyar amfani, don shari'ar fili ba ta da arha ko'ina.

18/ Amma masu sukarta suna da hujja. Rahoton da ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya fitar a 2007 ya nuna kusan kashi 5 cikin 100 kawai na kuɗin da aka karɓa ke tafiya biyan asara. Kusan kashi 70 wakilan da ke sayar da ita ne ke riƙewa. Kamfanoni 4 ne suka mamaye kasuwar.

19/ Kamfanonin sun ce kuɗin bincike ne, wato suna kashe wutar tun kafin ta kama. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai jihar Ayowa ta hana sayar da inshorar tun 1947, daga baya ta kafa shirin lamuni na gwamnati a shekarun 1980, kuma farashinsa bai kai na sauran jihohi ba.

20/ Ra'ayina: in a Amurka kake, ko ɗan'uwanka na can zai saya, a biya ta mai gida. Da wuya matsalar ta faru, amma in ta faru gidan ne gaba ɗaya. Musamman gidan gado, gidan gwanjon banki, ko wanda aka saya da kuɗi hannu, inda babu bankin da zai matsa a bincika.

21/ Amma kar a biya ido rufe. A tambayi ragin da ake yi in an haɗa ta banki da ta mai gida a kamfani ɗaya. A wasu wuraren al'ada ce mai sayarwa ya biya, a sa shi cikin ciniki. Dokar tarayya ta 1974 ta hana mai sayarwa tilasta maka wani kamfani in kai ne mai biya.

22/ Abu na ƙarshe: a karanta shafin keɓe-keɓe, wato jerin abubuwan da kamfanin ya ce ba ruwansa da su. Rikicin iyaka da maƙwabci kan faɗa nan in ba a yi awo ba. Duk abin da ba ka gane ba, tambayi lauya kafin ka sa hannu.

Mai tambaya ya ajiye a ƙasa. A tura wa na ƙasar waje. 🙏