Zanen bugun hannu da kare namun daji: yadda batun ya shafi dazuzzukan Kagara

Zanen bugun hannu sana'a ce ta fitar da hoto guda a kan takardu da yawa ba tare da injin ɗab'i ba. A ƙasashe da dama, ƙungiyoyin kare namun daji sun mayar da shi hanyar tara kuɗi da kuma tunatar da jama'a game da dabbobin da ke gab da ƙarewa. Batun ya shafi Kagara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja, domin garin na kusa da wasu daga cikin manyan dazuzzukan Arewa.

Yadda ake yin sa

Mai zane kan sassaƙa siffar dabba a kan katako ko faifan roba, ya shafa tawada a wuraren da bai sassaƙe ba, sannan ya ɗora takarda ya danne. Siffar kan fito a juye, kamar yadda hatimi ke yi. Wata hanyar kuma ita ce tura tawada ta cikin ƙyalle mai ƙananan huda da aka ɗaure a firam, irin wadda masu buga rubutu a riguna ke amfani da ita a kasuwanni.

Darajar aikin tana cikin ƙarancinsa. Mai zanen kan ƙayyade adadin da zai buga, ya sa hannu a kan kowane, ya rubuta lambarsa, misali 12/50, wato na goma sha biyu cikin hamsin. Ta haka kwafi guda ba ya kai tsadar zanen da babu irinsa, amma idan aka haɗa kuɗin hamsin ɗin sai ya zama abin kirki.

Inda aka jarraba

A 1973, mai zanen Ingila David Shepherd ya sayar da kwafin zanensa na damisar Indiya, masu ɗauke da sa hannunsa, ya tara fam 127,000 domin shirin ceto dabbar da gwamnatin Indira Gandhi ta ƙaddamar a shekarar. A 1984 ya kafa gidauniyar kare namun daji mai ɗauke da sunansa. A Amurka, Andy Warhol ya buga jerin hotuna goma na halittun da ke cikin haɗari a 1983 ta hanyar ƙyalle, daga ciki har da giwar Afirka da baƙin karkanda.

Najeriya ma tana da gwanayen sana'ar. Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi fice a bugun hannu, ya yi karatu a kwalejin Zariya da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, kuma yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Har yanzu sashen zane-zane na jami'ar na yaye ɗalibai.

Abin da ke cikin haɗari

Hanyar da ta taso daga Tegina ta ratsa Kagara da Pandogari tana kaiwa Birnin Gwari a Jihar Kaduna, inda Gandun Dajin Kamuku yake. An mayar da shi gandun ƙasa a 1999, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, kuma an san shi da giwaye da gwanki da gada. Dajin Allawa, a Ƙaramar Hukumar Shiroro mai maƙwabtaka, na cikin wurare goma da Gwamnatin Tarayya ta amince a 2020 su zama sabbin gandun daji na ƙasa.

Can yamma kuwa akwai Gandun Tafkin Kainji, wanda shi da Yankari ne kaɗai wuraren da aka tabbatar zaki ya saura a Najeriya. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan Afirka ta Yamma gaba ɗaya ba su wuce kusan 400 ba. A 2015 ƙungiyar IUCN ta sa su a sahun da ke dab da shuɗewa, haka ma ungulun da a da ba a rasa ta a mahauta.

Iyakar abin da zane zai iya

Farauta da saran itace da noma cikin gandu sun daɗe suna cin dazuzzukan, sai kuma 'yan bindiga suka mayar da Kamuku da Allawa maɓoya. Sace ɗalibai da ma'aikatan Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara a ranar 17 ga Fabrairun 2021 ya nuna girman matsalar. Dajin da masu gadi ba sa iya shiga, babu mai ƙidaya dabbobinsa, balle ya kare su.

Saboda haka kuɗin zane ba zai maye gurbin tsaro ko kasafin Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa ba. Amfaninsa na cikin ƙananan buƙatu: takalma da kayan aikin masu gadi, da darussan kare muhalli a makarantu. Mai saye kuma na da haƙƙin ya tambayi kaso nawa na kuɗin ke zuwa aikin, da sunan ƙungiyar da za ta karɓa, kafin ya biya.