Ciwon Zuciya Ga Jariran Da Aka Haifa Da Buɗaɗɗen Ciki Ko Ƙirji

Mene ne wannan matsala?

Akan haifi jariri bangon cikinsa bai rufe ba, hanji ko hanta su fito ta cibiya cikin wani siririn tantani. Likitoci na kiran wannan omfalosel. Akwai kuma wadda hanji ke fitowa ta gefen cibiya ba tare da tantani ba. Mafi ƙaranci ita ce wadda ƙashin ƙirji bai haɗe ba, har a ga zuciya tana bugawa ƙarƙashin fata ko a waje. A 1958 likita Cantrell da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana lahani 5 da kan zo tare: na bangon ciki, ƙashin ƙirji, tantanin da ke raba ƙirji da ciki, jakar zuciya, da zuciyar kanta.

Me ya sa ake duba zuciya?

Zuciya da bangon jiki suna ginuwa ne a makonnin farko na ciki, saboda haka lahaninsu kan zo tare. Da yawa daga jarirai masu omfalosel suna da huji tsakanin ɗakunan zuciya, kuma sau da yawa wannan ɓoyayyen lahani shi ke yanke hukuncin rayuwar yaron. Alamunsa su ne leɓe da harshe su yi shuɗi, numfashi da sauri, da gumi ko gajiya wajen shan nono.

Abin da ya kamata a yi

Kada a mayar da hanjin ciki da hannu. Kada a shafa toka, man shanu ko maganin gargajiya. A rufe wurin da leda mai tsabta, a lulluɓe jaririn don kada ya yi sanyi, kada a ba shi nono ko ruwa sai likita ya yarda. Daga Zango, Birni ko ƙauyukan Damagaram, a garzaya da shi Babban Asibitin Ƙasa na Zinder a ranar, ba sai an jira suna ba. A nemi a yi hoton zuciya kafin tiyata.

Wannan lahani ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa ba ne. Awon ciki da hoton eko kan gano shi tun kafin haihuwa, domin a shirya haihuwa a asibiti.