Sinadaran Antioksidan a Ganyen Sifinaj da a Ƙwayoyinsa da Ake Reno a Kwalba

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta sinadaran antioksidan da ke cikin ganyen sifinaj da waɗanda ƙwayoyin halittarsa ke samarwa idan an rene su a ɗakin gwaji. Ta tsaya a kan cewa haske ne tushen bambancin da ke tsakaninsu.

Gabatarwa

Tsiron da ake magana a kansa shi ne Spinacia oleracea, wanda asalinsa daga ƙasar Farisa ne. Ba shi ne alayyafon miyarmu ba, wannan Amaranthus ne, duk da cewa danginsu ɗaya kuma masu fassara kan haɗa su a suna ɗaya. Antioksidan kuwa sinadari ne da ke hana iskar oksijin mai kaifi yi wa ƙwayar halitta irin ɓarnar da tsatsa ke yi wa ƙarfe.

Abin da ke cikin ganye

Ganye ba don mai ci yake tara waɗannan sinadarai ba, don kare kansa ne. A yayin da kuloroflas, wato koren ɓangaren ƙwayar ganye, ke sarrafa hasken rana, yakan fitar da haidurojin faroksaid, wanda guba ne gare shi. A 1976 Foyer da Halliwell suka bayyana yadda bitamin C da gulutatayon ke aiki tare wajen kawar da wannan guba, a 1981 kuma Nakano da Asada suka nuna enzayim ɗin da ke cinye ta. Dukansu da kuloroflas ɗin sifinaj suka yi aiki. Ban da waɗannan, ganyen na ɗauke da lutin da beta-karotin, sai filabonoyid irin su fatuletin da sifinasetin, waɗanda ba a cika samunsu a sauran ganyayyakin miya ba.

Abin da ke cikin kwalba

Akan yanki ɗan guntun ganye, a tsabtace shi, a ɗora a kan abincin reno irin wanda Murashige da Skoog suka tsara a 1962. Bayan 'yan makonni sai bakin yankan ya kumbura, ya fitar da dunƙulen ƙwayoyi fari-fari mai rugurgujewa kamar cuku, wanda ake kira kalus. A nan matsalar take. Kalus sukari yake sha a sauƙaƙe, sau da yawa a cikin duhu, don haka ba ya gina cikakken kuloroflas. Wanda ba ya fita rana, me zai yi da malafa? Shi ya sa lutin da karotin ke yin ƙaranci a cikinsa. Sinadaran fenol, irin su filabonoyid, su ne da ɗan dama-dama, domin akan iya zaburar da ƙwayoyin da haske ko da sinadarin metil jasmonet.

Ma'auni

Gwajin da aka fi amfani da shi wajen auna ƙarfin antioksidan shi ne DPPH: ruwa mai launin shunayya yakan koɗe ya koma rawaya gwargwadon ƙarfin samfurin, a auna shi da haske mai tsawon zango nanomita 517. A ganina ana ɗora wa wannan gwaji nauyin da ya fi ƙarfinsa, domin koɗewar launi a kwalba ba ta nuna abin da hanjin mutum zai iya tsotsewa.

Kammalawa

Renon ƙwayoyi ya yi riba a wasu tsirrai, kamar yadda Japan ta fara samar da shikonin, wani jan rini, don kasuwa ta wannan hanya a 1983, amma shikonin abu ne mai tsada da wuyar samu. Sifinaj kuwa yana isa tsinka a cikin wata biyu a gona. Kalus ɗinsa ya dace da binciken yadda tsiron ke ƙera filabonoyid, bai kai ya maye gurbin ganye ba.