Raƙuman dawa na dutsen Dabus

Yau za mu tafi ƙasar Abzin, arewa da Agadas.

In ka kama hanyar Arlit, bayan kamar kilomita 110, sai ka ratse ka iske wani wuri ana ce da shi Dabus. Duwatsu ne da rairayi. Amma bisa wani falalen dutse akwai zanen raƙuman dawa guda biyu, namiji da mace. Babban ya kai mita 5 da ɗoriya. Ka tsai da mutum uku, wannan bisa kan wannan, to ka sami tsawonsa.

Ba da alli aka zana su ba, sassaƙa ce. Mutanen lokacin ba su san ƙarfe ba. Dutse suka sa suka ƙwanƙwasa dutse, suka goge, har dabbare-dabbaren jikin dabbar suka fito ɗaya ɗaya. Daga bakin kowane raƙumi wani layi ya sauko kamar igiya, ya tsaya wajen wani ɗan ƙaramin mutum. Masana na ganin aikin ya kai shekara 6000 ko fiye.

To, ka tambayi kanka. Raƙumin dawa ganyen itace yake ci. Me ya kai shi inda babu inuwa? Ashe a wancan zamani Abzin kore take shar, da tafkuna da ciyawa. Wanda ya yi zanen nan ya ga dabbar da idonsa. Daga baya ruwan sama ya ja baya, hamada ta ci ƙasar.

Abzinawa sun daɗe da sanin wurin. A 1987 wani Bafaranshe, Kiristiyan Dupuy, ya rubuta labarinsa, duniya ta ji. Zane fiye da 800 aka ƙidaya a duwatsun, har da shanu da jiminai. Da baƙi suka yawaita, sai ɓarna ta soma. Wasu su taka, wasu su rubuta sunansu, wasu ma su ɓalle yanki su tafi da shi. Abin kunya. Dole aka sa masu gadi. In Allah ya kai ka, ka nemi ɗan jagora, ka duba da ido kawai.

Su kuwa raƙuman dawa masu rai, sun kusa ƙarewa a Nijar. A 1996 kamar 50 suka rage a wajen Kure, kusa da Yamai. Aka tsare su, suka hayayyafa, suka wuce 600. A 2018 aka ɗauki guda 8 aka kai su dajin Gadabeji, cikin jihar Maraɗi.