Daga Zuciyar Kwaɗo Zuwa Asibitin Malam Aminu Kano

A shekarar 1883 wani likitan birnin Landan, Sydney Ringer, ya wallafa darasin da kuskure ya koya masa. Yana gwaji da zuciyar kwaɗo, sai ya ga ta daɗe tana bugawa a cikin ruwan gishirin da aka haɗa masa. Ashe mataimakinsa ruwan famfo ya ɗebo maimakon tataccen ruwa, ruwan famfon kuwa yana ɗauke da sinadarin kalsiyam. Da aka koma ga tataccen, ba a jima ba zuciyar ta tsaya. Nan aka fara gane cewa tsokar zuciya ba ta motsi sai da kalsiyam.

Sai da aka shekara tamanin da ɗoriya kafin wannan ilimi ya zama magani. A 1964 Albrecht Fleckenstein na Jami'ar Freiburg a Jamus ya lura cewa verapamil yana sassauta tsokar zuciya tamkar an janye mata kalsiyam, in an ƙara kalsiyam kuma ƙarfinta ya dawo. A kamfanin Bayer, Friedrich Bossert ya soma nasa binciken ne daga khilla, wani tsiro na kwarin Nilu da Misirawa suka daɗe suna sha don tsakuwar ƙoda. Hanyar ta yi nisa da tsiron kafin ta kai ga nifedipine, wanda ya shiga kasuwa a 1975 da sunan Adalat.

Aikin waɗannan magunguna ba shi da wuyar fahimta. Bangon jijiyar jini yana da tsoka, wadda ke tsukewa idan kalsiyam ya kutsa cikinta ta wasu ƙananan ƙofofi. Maganin kan tare ƙofofin, jijiya ta saki, jini ya sami sarari, hawan jini ya sauka. Mai ciwon ƙirjin nan da ke tasowa in an yi sauri ko an hau tudu, wanda asalinsa ƙarancin jini ne ga zuciyar kanta, yana cin riba biyu: jijiyoyin da ke ciyar da zuciya sun buɗe, nauyin da take turawa kuma ya ragu. Ba a rasa ɗan tsaiko, don kumburin ƙafa sananne ne ga masu shan amlodipine, wanda ya fito a 1990.

Abin takaici, an daɗe ana ba 'yan Afirka magani bisa gwajin da aka yi a wasu nahiyoyi. A 2019 aka fitar da sakamakon binciken CREOLE, ƙarƙashin jagorancin Dike Ojji na Jami'ar Abuja, a kan majiyyata 728 daga ƙasashe 6, ciki har da waɗanda aka duba a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. An gwada haɗin magunguna iri uku tsawon wata 6. Guda biyun da ke ɗauke da amlodipine sun fi na ukun saukar da jini.